Gwajin tabarau ta hanyar tambaya

Gwajin tabarau ta hanyar tambaya shi ne auna ƙarfin gilashin da ya dace da idon mutum bisa abin da shi kansa ya ce yana gani. Yakan biyo bayan awon na'ura ko na ritinoskof (fitilar hannu da ake haska ido da ita), wanda ke ba da kimantawa ta farko ba tare da majiyyaci ya buɗe baki ba. Ana lissafin ƙarfin gilashi da diyofta, ma'aunin da likitan Faransa Ferdinand Monoyer ya gabatar a 1872, ana hawa ko sauka da 0.25.

A Damagaram, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, an fi sanin allon haruffa na Monoyer, wanda ake karantawa daga mita 5, maki kuma daga 1/10 zuwa 10/10. Allon Herman Snellen na 1862 ya fi yawa a Najeriya. Wanda bai yi boko ba ana nuna masa harafin E mai juyawa, ya nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka dosa.

Ana rufe ido ɗaya, a fara da ɗayan. Matakin farko shi ne sa hazo: a ƙara gilashi mai ƙari, kamar +1.00, har rubutu ya dushe, don tsokar da ke matsa ƙwayar ido ta saki. Daga nan a riƙa ragewa da 0.25 har layi mafi ƙanƙanta ya fito, a tsaya. Nan ɗaliban aikin ido suka fi tuntuɓe. Matashi zai ta karɓar gilashi mai ragi yana cewa ya fi kyau, alhali haruffan ƙanƙancewa da baƙi kawai suke yi, ƙarshenta ya koma gida da ciwon kai. Gwajin ja da kore, wato duban haruffa a kan allo mai rabi ja rabi kore, yana tona wannan: in kore ya fi fita, ragi ya yi yawa; in ja ne, da sauran ragin da za a ƙara.

Idon da lanƙwasar gabansa ba ta daidaita ba yana buƙatar silinda, gilashin da ke gyara gani ta kusurwa ɗaya kawai. Ana nemo kusurwarta, tsakanin digiri 0 da 180, sannan ƙarfinta, da gilashin Jackson mai mariƙi, wanda Edward Jackson na Amurka ya bayyana a 1887. Duk ƙarin −0.50 na silinda sai a rama da +0.25 a gilashin farko.

Hannu yakan saba da waɗannan da wuri. Ɗalibai kan zauna bibbiyu, a saka wa ɗaya gilashin da ɗan'uwansa bai san ƙarfinsa ba, shi kuma ya lalubo. Abin da wannan atisaye ba ya koyarwa shi ne harshe, domin abokin karatu ya riga ya san amsar da ake so. Dattijon da ya taso daga Mirriya ko Magaria, saboda kara, sai ya ce duk suna da kyau, ko ya zaɓi wanda yake zaton likita ke so. Shi ya sa tambaya ke zama gajera: "Baba, na farko ko na biyu?" A kuma gaya masa tun farko cewa "duk ɗaya ne" amsa ce mai amfani. In ya kasa bambancewa, a faɗaɗa tazarar zuwa 0.50 ko 1.00. Lokacin hunturu ƙura da bushewa kan sa gani ya riƙa sauyawa, sai a ce ya ƙifta kafin ya amsa.

Daga wajen shekara 40 ake ƙara gilashin karatu, daga kamar +1.00 zuwa +2.50 a wajen 60. Littattafai suna ɗaukar santimita 40, amma baduku, mai ɗinkin hula da malamin da ke rubutun allo kowa da nisan da yake riƙe aikinsa, don haka gara a miƙa masa allura ko takarda ya gwada.

Ƙananan yara ana ɗiga musu magani irin siklofentolet kafin awo, don tsokar ido ta saki. Mai ciwon sukari ana jira sukarinsa ya daidaita. In kuma gani bai ƙaru ba ko da an leƙa ta ƙaramar huda, ana zargin yanar ido ko cutar bayan ido, sai a tura shi wurin likitan ido, kamar a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder.