Tiyatar gyaran ciki bayan haihuwa: ya ake yi da zafin?

Wata 'yar uwa ce ta turo min tambayoyi, haihuwarta huɗu tumbi ya saki, tana shirin zuwa Turkiyya a yi mata tomi tok, wato a yanke rarar fata a ɗinke naman ciki da ya buɗe. Ba kuɗin ne ke damunta ba, zafin take tsoro.

Wai da gaske ya fi siyes, wato tiyatar haihuwa, zafi?

Mata da yawa da suka yi duka biyun haka suke cewa, kuma ba yankan fatar ba ne ke wahalarwa, ɗinkin naman ciki ne, tun daga ƙasan ƙirji har mara an ja shi an matse, shi ya sa kwana ukun farko tari ko atishawa ko dariya sai ki ji kamar ciki zai tsage. A duƙe za ki dinga tafiya kamar tsohuwa kusan sati ɗaya zuwa biyu, kar ki ce sai kin miƙe dole. Ki ajiye filo kusa, in tari ya taho ki danne cikin da shi, wajen kwanciya kuma ki tada kai ki sa wani filon ƙarƙashin gwiwa.

Wane magani zan sha?

Wanda likitanki ya rubuta, kuma a kan lokaci, kar ki jira sai ciwo ya ci ƙarfinki ki ce ke mai juriya ce, wlh in ya riga ya tashi saukar da shi wahala ne. Farasitamol kuwa, babban mutum ba ya wuce giram 4 a cikin awa 24, ki lura magungunan mura da yawa akwai shi a ciki, sai mutum ya wuce ƙa'ida bai sani ba hanta ta taɓu. Ibuprofen da diclofenac sai kin tambaya tukunna don suna iya ƙara zubar jini, mai olsa ma ba nata ba ne. Tiramadol da kodin in an ba ki na 'yan kwanaki ne kawai, suna ƙulle ciki, ga yunƙurin bayan gida da ɗinki a ciki ba daɗi, ki sha ruwa sosai ki ci gwanda da ganye.

Ina shayarwa fa?

To ki dakata Hajiya. Likitoci sun fi so a yaye yaro tukunna, a ƙalla wata 6 bayan haihuwa, in son samu ne ma sai kin gama haihuwa don sabon ciki zai iya warware aikin. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa kan kodin da tiramadol, suna bin nono su danne numfashin jariri.

Zan iya gasa wurin da ruwan zafi kamar na jego?

A'a dan Allah, ko su Gwaggo sun matsa. Fatar ƙasan cibiya takan mutu ba ta jin komai har watanni, sai ki ƙone ba ki sani ba sai kin ga bororo. Ɗaurin cikin da asibiti suka ba ki shi za ki riƙe, yawanci sati 6, kuma a wannan lokacin ba goyo ba ɗaukar bokiti, sallah ma a zaune.

Yaushe zan san ciwon ba na lafiya ba ne?

Ciwon tiyata kullum raguwa yake. In naki ƙaruwa yake bayan kwana uku huɗu, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko wurin ya yi ja yana fitar da ruwa mai wari, ko gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ki kira likita. Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya fara sarƙewa da ciwon ƙirji, wannan asibiti ne ko tsakar dare ne, daskarewar jini ce ake tsoro, shi ya sa ake ta da ke ki ɗan taka tun washegari. Kuma tunda Turkiyya za ki, kar ki yanki tikitin dawowa sai likita ya ce za ki iya zaman jirgi.