Saƙar Tsakanin Ƙwayoyin Jiki da Ciwon Daji

Saƙar tsakanin ƙwayoyin jiki haɗakar furotin ce da wasu sinadarai da ke cike sararin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya a jikin mutum. Ƙwayoyin ne da kansu suke saƙa ta, kuma a cikinta suke zaune. Babban zarenta shi ne kolajin, wanda ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin ɗin jiki, kuma nau'insa 28 ne a jikin ɗan Adam. Akwai kuma laminin da faibironektin da ilastin. An daɗe ana ɗaukar saƙar kamar kwaɓin da ke riƙe tubali kawai, sai daga baya aka gano tana da hannu a kowane mataki na ciwon daji.

Keta katanga

Yawancin ciwon daji yana tasowa ne daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a saman gaɓoɓi ko cikin bututai, kamar bututun ruwan nono da hanji. A ƙarƙashinsu akwai siririn tantani na kolajin nau'i na 4 da laminin. Muddin ƙwayoyin da suka lalace ba su keta shi ba, ciwon yana nan inda ya fara, kuma fiɗa takan raba mutum da shi. Da zarar sun keta, hanyar jini ta buɗe musu.

Almakashin da suke amfani da shi wasu furotin ne masu yanka saƙa, da ake kira MMP, su 23 a jikin mutum. Jerome Gross da Charles Lapière ne suka gano na farko a 1962, a wutsiyar talibambam, wadda ke narkewa yayin da yake rikiɗewa ya zama kwaɗo. A 1980 Lance Liotta da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin da suka fi iya narkar da kolajin nau'i na 4 su ne suka fi yaɗuwa.

Taurin ƙari

Matar da ta taɓa nononta ta ji ƙulli mai tauri, ba ƙwayoyin cutar kaɗai take ji ba. Da yawan taurin nan na saƙa ne. Ƙarin, wato kumburin ciwon dajin, yakan sa ƙwayoyin da ke kewaye da shi, masu suna faibirobilas, su yi ta zuba kolajin kamar yadda suke yi wa miki in zai yi tabo. Shi ya sa Harold Dvorak a 1986 ya kira ƙari mikin da ba ya warkewa. Wani furotin mai suna LOX kuma yana ɗaure zarurrukan da juna har su sandare.

Ƙwaya tana jin wannan tauri. A fatarta akwai furotin masu suna intagirin, da ke kama saƙar su aika da saƙo ciki, kuma saƙa mai tauri umarnin girma da tafiya take bayarwa. Wani gwaji da ya bayyana ƙarfin saƙon intagirin an yi shi ne a 1997 a ɗakin binciken Mina Bissell da ke Berkeley a Amurka. An toshe wani intagirin a ƙwayoyin ciwon dajin mama da aka rena cikin saƙa, sai suka daina girman hauka, suka jeru kamar masu lafiya, alhali lalacewar da ke cikin ƙwayoyin gadonsu tana nan daram. Ƙungiyar Patricia Keely kuwa ta nuna a 2006 cewa zarurrukan kolajin sukan miƙe daga bakin ƙari zuwa waje, ƙwayoyin cutar su bi su kamar turba.

Iri da ƙasa

A 1889 Stephen Paget, likitan fiɗa ɗan Ingila, ya duba bayanan mata 735 da ciwon dajin mama ya kashe, ya ga ba ko'ina cutar ke sauka ba. Ya ce iri sai da ƙasar da ta karɓe shi. Yau an san saƙar tana cikin abin da ke gyara wannan ƙasa: a gwajin ɓeraye, furotin irin su feriyostin da tenasin-C suna taimakon ƙwayoyin da suka isa huhu su kafu. A hanta ma, yawancin ciwon daji yana fitowa ne bayan tabo ya cika ta, abin da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye saboda yawan ciwon hanta nau'in B.

Neman magani

Nan ne aka fi shan wahala. Marimastat, maganin da aka yi don hana MMP aiki, bai yi nasara a manyan gwaje-gwaje ba, ga ciwon gaɓɓai da ya jawo wa marasa lafiya. PEGPH20, wanda ke narkar da wani ɓangare na saƙar a ciwon dajin fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi), ya faɗi a 2019. Ga ɗaya daga cikin dalilan da ake zato: saƙar hanya ce, amma kuma shinge ce. Wasu MMP ma kare jiki suke yi, kuma gutsuren kolajin nau'i na 18, mai suna endostatin, yana hana ƙari yin sababbin jijiyoyin jini. A 2014 bincike biyu a kan ɓeraye suka nuna cewa rage faibirobilas da saƙar da ke kewaye da ƙarin fankiriyas ya sa cutar ta ƙara tsanani, ɓerayen suka mutu da wuri.