Idan ƙarar inji ta danne ƙararrawar gobara: abin da NFPA 72 ta tanada

NFPA 72 ita ce ƙa'idar ƙararrawar gobara a Amurka. Ƙungiya mai zaman kanta ce take rubuta ta, amma da zarar jiha ko birni sun shigar da ita cikin dokar gininsu, ta zama wajibi a kan mai ginin. Sashenta da ya fi shafar masana'antu shi ne wanda ya haɗa ƙarfin hayaniyar wuri da buƙatar fitila mai walƙiya.

Lissafin daga kunne yake farawa. A wurin da ake son kowa ya ji, dole ƙararrawa ta ɗara hayaniyar yau da kullum da desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), ko ta ɗara ƙara mafi ƙarfi da ke ɗaukar daƙiƙa 60, wato minti ɗaya, da desibel 5, a ɗauki wanda ya fi yawa. Sai dai akwai iyaka daga sama: ba a yarda ƙarar ta wuce desibel 110 ba, don kada garin gargaɗi a kurmantar da mutane. Inda matsakaiciyar hayaniya ta haura desibel 105 kuwa, ƙa'idar ta wajabta fitila kai tsaye. Amma mai lissafi zai ga cewa matsalar ta fara tun a 95, domin 95 da 15 sun riga sun kai 110. Ga kuma ma'aikata sanye da abin toshe kunne, wanda OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce a tanadar musu tun daga desibel 85 a aikin awa 8. Shi ya sa duk mai tsara ginin da ya san aikinsa ba ya jiran 105 kafin ya sa fitila.

To, a nan ne mutane da yawa suke sakin jiki, su ɗauka tunda ido ba ya jin ƙara, an gama magana. Ba haka abin yake ba. A 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Robert Hockey, ya gwada mutane suna wani aiki a gabansu, suna kuma lura da ƙananan fitilu a tsakiya da gefe. Da aka ƙara hayaniya, hankalinsu ya tattaru a tsakiya, fitilun gefe suka riƙa wuce su. Ƙara mai ƙarfi tana ƙuntata hankali. Mutumin da ya sunkuya kan injin yankan ƙarfe, idonsa a bakin wuƙa, ba zai ɗago ya nemi fitila ba, dole hasken ne zai same shi inda yake, ya haska bango da teburin aikinsa.

Wannan ne dalilin da ya sa aka tsaurara ma'auni. Ana auna ƙarfin fitilar da kandela, kuma girman ɗaki ne yake yanke adadin: fitila ɗaya ta bango mai kandela 15 tana isar ɗakin ƙafa 20 tsawo da 20 faɗi, mai kandela 110 tana ɗaukar har ƙafa 54 da 54. Ana kafa ta tsakanin inci 80 zuwa 96 daga ƙasa. A doguwar hanyar cikin gini, kada fitila ta yi nisan da ya wuce ƙafa 15 daga ƙarshen hanyar, kada kuma tazarar fitila biyu ta zarce ƙafa 100.

Saurin walƙiyar ma an ƙayyade shi, daga sau ɗaya zuwa sau biyu a daƙiƙa. Idan ya yi ƙasa da haka, mutum zai iya juyawa bai gani ba. Idan ya yi sama, masu farfaɗiyar da haske ke tayarwa suna cikin haɗari, domin yawanci daga kusan sau uku a daƙiƙa abin yake somawa. Saboda haka idan fitilu fiye da biyu suna gaban ido lokaci guda, wajibi ne su yi walƙiya tare. Fitila huɗu da kowace ke yin nata lokaci, a idon mai kallo tamkar fitila ɗaya ce mai sauri ninki huɗu.

Abin da ya fi lalata tsarin bayan an kafa shi ba ya cikin takarda. An jera kaya har sun tare fitila. Ƙura da maiƙo sun dusashe gilashinta. Hasken walda, da fitilar motar ɗaga kaya mai juyawa, da rana ta babbar ƙofa, duk suna gasa da ita, har ido ya saba da walƙiya ya daina kula. Ko a kawo sabon inji hayaniya ta ƙaru, ba wanda ya sake aunawa. Ƙa'idar ta yarda, da amincewar hukumar da ke kula da wurin, a haɗa tsarin yadda zai kashe ko ya rage tushen hayaniyar idan ƙararrawa ta tashi, kuma inda hakan zai yiwu ya cancanci a yi.

Gwajin da ke nuna gaskiya shi ne wanda aka yi injuna suna aiki, mai gwaji yana tsaye daidai inda ma'aikaci ke tsayawa, da abin toshe kunnensa da tabarau ɗin aikinsa, fuskarsa a kan inji.