Yadda kwandunan Yakama suka koma bayan gilashi

Kwandon da matan Yakama, wata al'ummar 'yan asalin ƙasa a jihar Washington ta Amurka, ke saƙawa da saiwar itacen sida, kayan aiki ne. Da shi ake hawa tsauni tsinkar 'ya'yan daji, kuma saƙarsa matsattsiya ce har ruwa ba ya ɗiga. A da, a cikinsa ake dafuwa, a zuba ruwa a jefa duwatsu masu zafi. Haka jakunkunan da ake yi wa ado da ɓawon masara: na ajiye busassun saiwoyi ne. To me ya kai su cikin akwatin gilashi a Seattle da Chicago da New York?

Labarin ya faro daga 1855, lokacin da Isaac Stevens, gwamnan yankin Washington, ya tara shugabannin ƙabilu a Walla Walla aka ƙulla yarjejeniyar da ta haɗe ƙabilu da dangogi 14 wuri guda. Suka rasa ƙasa sama da eka miliyan 10. Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke, Kamiakin, wani shugaban Yakama, na jagorantar mutanensa, har zuwa 1858. Bayan nan sai makarantar kwana ta Fort Simcoe, inda ake tuɓe wa yara tufafin gida a sa musu na Turawa.

A ƙarshen ƙarni na 19 sha'awar tara kwandunan 'yan asalin ƙasa ta kama masu hannu da shuni. Masana na lokacin sun ɗauka waɗannan al'ummu sun kusa ƙarewa, sai suka shiga kwasa. An sayi wasu, amma ciniki da mai jin yunwa ai ba ciniki ba ne. Wasu kuma daga kaburbura aka tono su. Rigunan fata masu ado da haƙoran dabba da duwatsun wuya suka bi wannan hanya. Abin takaici, a takardun gidajen tarihi sau da yawa za ka ga sunan wanda ya saya, ba ka ganin sunan matar da ta saƙa.

A 1957 madatsar ruwa ta The Dalles ta shanye Celilo, tsohuwar matattarar kamun kifi da musayar kaya ta Yakama da maƙwabtansu.

Yakama ba su zauna jira ba. Nipo Strongheart, wanda ya yi aikin fim a Hollywood, ya bar musu wasiyyar littattafansa da kayan da ya tara, kuma a 1980 suka buɗe nasu gidan tarihi a Toppenish. Sana'ar ma ba ta mutu ba: a 2000 gwamnatin Amurka ta karrama Nettie Jackson saboda saƙar kwandon Klickitat, ɗaya daga cikin dangogin nan 14.

Wata dokar Amurka ta 1990 ta tilasta wa gidajen tarihi masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su mayar da ƙasusuwan mutane da kayan kabari da na ibada. Sai dai kwandon yau da kullum ko rigar sawa galibi ba sa cikinta. A Janairun 2024 aka tsaurara ƙa'idojin, aka ce sai da yardar ƙabila za a baje kayan da dokar ta shafa, har wasu manyan gidajen tarihi suka lulluɓe akwatunansu, wasu suka rufe ɗakuna.