Taskar Takardun Sing-Akademie ta Berlin

Taskar Sing-Akademie tarin rubuce-rubucen kiɗa ne na hannu da na ɗab'i, mallakar wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙa mai suna Sing-Akademie ta birnin Berlin a Jamus. Tana ɗauke da kundaye sama da 5,000, akasarinsu na ƙarni na 18, kuma tana cikin manyan ma'adanan da ake dogaro da su wajen sanin kiɗan gidan Bach, sanannen dangin mawallafa kiɗa na Jamus, da na fadar Prussia, tsohuwar masarautar da Berlin ke babban birninta. Ta yi suna ne musamman saboda ɓatan da ta yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har aka shafe shekara fiye da 50 masana a Yammacin Turai suna zaton ta ƙone, sai a 1999 aka same ta lafiya lau a birnin Kyiv na ƙasar Yukren.

Carl Friedrich Christian Fasch, makaɗin fadar Sarki Frederick na Biyu na Prussia, shi ya kafa ƙungiyar a 1791 domin maza da mata 'yan gari su riƙa haɗuwa suna rera tsofaffin waƙoƙin coci. Amma wanda ya gina taskar shi ne almajirinsa Carl Friedrich Zelter, magini ne kafin kiɗa ya ɗauke shi, kuma aminin marubuci Goethe. Zelter ya riƙe ragamar ƙungiyar daga 1800 zuwa rasuwarsa a 1832, bai kuwa bari takardar kiɗa ta wuce ta gabansa ba: ya saya, ya kwafa, ya karɓi kyauta. Iyalin Mendelssohn sun ba da gudummawa mai tsoka, haka ma Sara Levy, gwanar kiɗa wadda ta tara ayyukan 'ya'yan Bach. A wannan ƙungiya ne Felix Mendelssohn, yana ɗan shekara 20, ya farfaɗo da babban aikin Johann Sebastian Bach a kan shan wuyar Almasihu bisa Linjilar Matta, a watan Maris na 1829.

Da yawa suna ɗauka taskar cike take da rubutun hannun J. S. Bach kansa. Ba haka ba ne, domin mafi yawan waɗannan an sayar wa ɗakin karatu na sarki a Berlin tun a tsakiyar ƙarni na 19. Abin da ya saura shi ne wanda a lokacin ba a ga darajarsa sosai ba. Akwai babban kaso na takardun da ɗansa Carl Philipp Emanuel Bach ya bari, wanda ya yi shekara 20 yana shugabancin kiɗan manyan cocin Hamburg, daga 1768 zuwa 1788, yana shirya kiɗan shan wuyar Almasihu sabo kowace shekara, har guda 21. Akwai tarin ayyukan kakannin gidan Bach, wanda J. S. Bach ya adana yana kuma amfani da shi. Sannan ga ayyukan Telemann masu yawa, da na 'yan'uwan nan biyu Graun, da na Hasse, dukkansu mawallafa kiɗa na Jamus a ƙarni na 18.

Irin waɗannan takardu kayan aiki ne na yau da kullum, ba na ado ba. Mutum zai ga takardar da aka kwafa wa mai goge shi kaɗai, da ta mai rera muryar sama, wani lokaci da sunan mawaƙin a kai, ga gyaran da shugaba ya yi da alƙalaminsa. Daga nan ne ake ƙiyasta mutum nawa suka yi kiɗan, da kuma yadda C. P. E. Bach yake ɗebo sassa daga aikin mahaifinsa da na Telemann ya haɗa da nasa don ya cika aikin shekara. Littafin da aka buga tsaf ba ya faɗin wannan.

A 1943, da ruwan bama-bamai ya tsananta a Berlin, aka kwashe taskar zuwa wani gidan sarauta a Ullersdorf da ke yankin Silesia, wanda yanzu yake cikin Poland. Ginin ƙungiyar ya lalace a yaƙin, aka gyara shi daga baya ya zama gidan wasan kwaikwayo na Maxim Gorki. A 1945 sojojin Tarayyar Sobiyat suka ɗauke takardun a matsayin ganima suka kai Kyiv. Sun zauna a makarantar koyon kiɗa ta birnin har 1973, sannan aka mayar da su ma'adanar adabi da fasaha ta ƙasa, aka yi musu lamba 441. Ma'aikatan wurin sun jera su sun kuma kula da su, abin da ake yawan mantawa idan ana ba da labarin "ganowar". Wasu makaɗan Kyiv ma sun san da su. Duniyar waje ce ba ta sani ba.

A tsakiyar 1999 Farfesa Christoph Wolff na Jami'ar Harvard, tare da Patricia Kennedy Grimsted, masaniyar ma'adanan Sobiyat, da Hennadii Boriak na Yukren, suka tabbatar cewa wannan ita ce taskar Berlin. Gwamnatin Yukren ta amince ta mayar, kuma a watan Disamba na 2001 takardun suka koma gida, a daidai lokacin da Rasha ta riƙe irin nata kayan ganimar ta ce ba inda za su. Yanzu suna ajiye a Babban Ɗakin Karatu na Berlin, amma mallakarsu tana hannun ƙungiyar.

Dawowar ta sauya aikin buga cikakkun ayyukan C. P. E. Bach da cibiyar Packard ta Amurka ta ɗauki nauyi, domin waƙoƙinsa na Hamburg, da ba a san yawancinsu ba sai a jerin sunaye, sun samu a hannu. Ta kuma haifar da shari'a. A 2002 wani masani, Steffen Voss, ya ci karo da kwafin wasan waƙa na Vivaldi, mawallafin kiɗa ɗan Italiya, mai suna Motezuma, wanda aka fara yi a Venice a 1733 aka kuma ɗauka ya ɓace. Kwafin bai cika ba, kashi na biyu ne kaɗai ya zo gaba ɗaya. Ƙungiyar ta ce ita ke da haƙƙinsa, tana dogaro da dokar Jamus da ke ba wanda ya fara fitar da tsohon aikin da ba a taɓa wallafawa ba kariyar shekara 25, ta kuma nemi hana wani bikin kiɗa a Düsseldorf nuna shi a 2005. An nuna wasan duk da haka. A 2009 babbar kotun tarayya ta yanke cewa ƙungiyar ba ta kawo hujjar da ke nuna ba a yaɗa aikin ba a zamanin Vivaldi, tunda a Venice ta wancan lokaci ta hanyar kwafin hannu ake yaɗa kiɗa ga masu saye.