Harbi uku ba sa nuna ingancin bindiga

An daɗe ana ɗauka cewa in harsasai uku suka faɗa wuri ɗaya a allon gwaji, bindiga ta ci jarrabawa, in sun warwatse kuwa bututunta ya lalace. Ba haka ba ne. Uku sun yi kaɗan, sa'a kaɗai na iya haɗa su. Sai an harba 10, an maimaita, gaskiya take fitowa.

Warwatsewar ma sau da yawa ba laifin bututu ba ce. Sukurun madubin saiti in ya yi sako-sako, kowane harbi sai ya gusar da shi. Ga iska, ga zafin ƙarfe, ga bambancin albarushi. Fizgar kunama ce aka fi rainawa, alhali motsin milimita 1 a bakin bindiga kan kautar da harsashi kusan santimita 10 a nisan mita 100.