Me Turawa ke nufi da "in the driver's seat"?

Mece ce ma'anarsa?

A zahiri zama ne a kujerar direba. Amma idan Bature ya ce wani yana "in the driver's seat", yana nufin ragamar lamarin na hannunsa, shi ke cewa a yi ko a bari. Amurkawa ne ke faɗinsa haka, su kuwa mutanen Ingila sun fi cewa "in the driving seat". Ma'anar ɗaya ce.

To sai shugaba kaɗai ake faɗa wa haka?

A'a, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sau da yawa yanayi ne ke ɗora mutum a kujerar, ko da ba ya riƙe da muƙamin komai. Ɗauki manomin da ya adana buhunan masararsa tun kaka, har damina ta faɗi, hatsi ya yi ƙaranci a kasuwa. Yanzu dillalai ne ke sallama a ƙofar gidansa, suna tayi yana cewa albarka. A wannan ciniki shi ke kan kujerar. Haka masu sharhin gasar Firimiya ke cewa ƙungiyar da ta zura ƙwallo 2 kafin hutun rabin lokaci tana "in the driving seat", duk da ba a tashi wasa ba.

Daidai yake da "wuƙa da nama na hannunsa"?

Sun yi kusa, amma a ganina namu ya fi nauyi. Mai wuƙa da nama ba a ja da shi. Wanda ke kujerar direba kuwa rinjaye ya samu, gobe ana iya sauke shi. "Shi ke jan ragama" ya fi dacewa.

Yaya ake sa shi a jimla?

"She is in the driver's seat", ko "The win put them in the driver's seat", wato nasarar ta miƙa musu ragama. A kula, "in" ake cewa. Wanda ya ce "on" zai sa a zaci jaka ya ajiye a kan kujerar mota.

Yana da kishiya?

Akwai "take a back seat", wato mutum ya ja baya ya bar wani ya jagoranta. Kada a haɗa shi da "backseat driver", wanda suka ce ga mai yawan katsalandan, ba shi ke tuƙi ba amma bakinsa bai hutawa.